Daga Tanderun Kabul Zuwa Tukunyar Kamazou: Ina Abincinmu Na Gargajiya Ya Shige?

Yau maganar ciki za mu yi, gama masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Duk wanda ya sauka daga mota a bakin titin Kachia daidai Kamazou da tsakar rana, ba zai rasa inda zai sa wani abu a bakinsa ba. Akwai rumfunan kwano masu benci guda biyu, akwai shaguna masu labule a ƙofa, akwai kuma gidajen abinci masu kujerun roba da talabijin a bango, inda ake kawo wa mutum ruwan sanyi tun bai tambaya ba. Magina da leburorinsu, masu Keke Napep, malaman makaranta, 'yan mata masu aiki a shagunan magani, duk nan suke ƙarasawa idan rana ta take. Amma idan mutum ya bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya yana leƙa kulolinsu, zai ga kusan abu ɗaya ne ake maimaitawa: shinkafa da miya, dafa-duka, wake, teba, tuwon semo, sakwara idan an yi sa'a, da miyar agushi. Da dare kuma sai Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, shawarma ga samari masu 'yan kuɗi, da farfesun tarwaɗa a inda ake kallon ƙwallo.

To, ka ce a zuba maka tuwon acha da miyar karkashi, ko gwate mai yakuwa da gauta, ko wake da riɗi. Mai abincin za ta yi murmushi ta ce babu, ko da yake sau da yawa ita kanta abin da ta ci ke nan jiya da dare a gidanta.

Wannan abu yana da ban mamaki idan aka dubi ko su wane ne mutanen Kamazou. Asalin wurin ƙauyen Gbagyi ne a ƙasar Chikun, manoman doya da dawa. Matatar mai da aka buɗe a 1980 can gaba kaɗan ta fara jawo ma'aikata zuwa wannan ɓangare, amma abin da ya cika unguwar da gaske shi ne rikicin Kaduna na Fabrairu da Mayun 2000, da na Nuwamban 2002, da kuma na bayan zaɓe a Afrilun 2011. A waɗannan shekaru ne garin ya rabu kusan gida biyu, Kiristoci da yawa suka bar Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka hayo kudancin kogi, Musulmi da yawa kuma suka bar nan suka koma arewa. Da Sabon Tasha da Television da Narayi suka cika, sai aka fara sayen filaye a Unguwar Boro, Kamazou, Janruwa da Mahuta. Daga baya sabon titin nan da aka raɗa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a jihar Bayelsa a Disamban 2012, ya buɗe hanya ta Karji zuwa ƙetaren kogi, gine-gine suka ƙara yawa. Ga kuma waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Chikun da Kajuru a 'yan shekarun baya.

Saboda haka a layi guda za ka sami Bajju daga Zonkwa, Atyap daga Zangon Kataf, Ham daga Kwoi, Adara daga Kachia da Kajuru, mutanen Kagoro da na Manchok, Birom da Angas daga Filato, Tibi da Idoma daga Binuwai, ga Ibo da Yarabawa, ga masu gida Gbagyi. Kowace ƙabila a cikin waɗannan tana da tukunyarta. Sai dai tukunyar tana bayan gida, ba ta fitowa bakin titi.

Wasu mutane da yaƙi ya watsa

A nan ne nake so in ɗauki mai karatu zuwa wata ƙasa mai nisa, wato Afganistan. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. A yi mini haƙuri kaɗan.

Afganistan ƙasa ce ta duwatsu da sanyi a tsakanin Iran da Pakistan, ba ta da teku. A Disamban 1979 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar, ba su fita ba sai a Fabrairun 1989. Bayan fitarsu 'yan ƙasar suka ci gaba da yaƙar juna, 'yan Taliban suka kama Kabul a 1996, Amurka da ƙawayenta suka kore su a 2001, sa'an nan suka sake dawowa mulki a Agustan 2021. A wajajen 1990 fiye da mutum miliyan 6 na ƙasar suna gudun hijira, akasarinsu a Pakistan da Iran. Wasu sun zarce Indiya, Saudiyya, Jamus, Ingila da Amurka. Likita ya zama direban tasi, malamin jami'a ya zama mai gadi. Takardun shaidar karatunsu ba su yi musu amfani a baƙuwar ƙasa ba, amma akwai ilimi guda da babu jami'in kan iyaka da ya iya ƙwace musu, shi ne girkin gidajensu.

Yau a birnin Peshawar na Pakistan, da unguwar Lajpat Nagar ta birnin Delhi, da Hamburg ta Jamus, da garin Fremont na jihar Kalifoniya inda har ake kiran wani yanki Ƙaramar Kabul, gidajen abincin Afganawa suna nan a cikin unguwanni, kuma ba 'yan ƙasarsu kaɗai ke ci ba. A birnin Baltimore na Amurka akwai wani da ake kira Helmand, sunan wani kogi na ƙasarsu, wanda Qayum Karzai ya buɗe a 1989. Shi wannan mutum yayan Hamid Karzai ne, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar. Ka ga ke nan ɗan babban gida ma bai ɗauki sayar da abincin gargajiya abin kunya ba.

Ba sai mun je Amurka neman shaida ba. Maƙwabtanmu Musulmi da suka je aikin hajji ko umara, da Hausawan da suka daɗe da zama a Makka, Madina da Jidda, sun san burodin nan mai faɗi da ake kira tamis, wanda ake bin layi a saya da zafinsa da safe a ci da dafaffen wake. Masu gasa shi galibi Afganawa ne. Haka nan shinkafar Buhari da ake ci da gasasshiyar kaza: sunan daga birnin Buhara na ƙasar Uzbekistan ya samo asali, amma da yawa daga cikin masu shagunanta a Saudiyya mutanen Afganistan ne. Baƙi ne suka zo neman mafaka da abin sawa a baki, ga shi abincinsu ya zama karin kumallon masu ƙasa.

Yadda ake cin abinci a wurinsu

A al'adarsu ba a kan tebur ake ci ba. Mutum zai tuɓe takalmi ya hau wani dakali mai shimfiɗar darduma, ya naɗe ƙafa. Sai a shimfiɗa wani mayafi a tsakiya wanda suke kira dastarhan, shi ne teburin. Kafin a kawo komai, a gidajensu yaro ne zai zagayo da buta da tasa da tawul, ya zuba wa kowa ruwa ya wanke hannu, ruwan da ya wanke hannun wani ba ya taɓa na wani. A ƙasashen Turawa sun koma ga tebur da kujera, amma da yawa sukan ware wani lungu na zaman ƙasa domin masu so.

Abu na farko da ke sauka a kan mayafin shi ne burodinsu, nan. Dogo ne mai faɗi, wani ya kai tsawon hannun mutum. Ana manna ƙullin a jikin bangon tanderu mai zafi, cikin 'yan mintoci ya gasu, a zaro shi da ƙugiya. Shi ne cokali, wani lokaci shi ne faranti. Idan talaka ne, shi da shayi sun ishe shi yini.

Sarkin abincinsu kuwa shi ne kabuli palau. Ana soya albasa har ta yi ja, a dafa naman rago a cikinta da kayan ƙamshi har ya yi laushi, a tsame naman. Shinkafar doguwa ce, an riga an jiƙa ta an ɗan tafasa. Sai a zuba mata romon, a rufe bakin tukunya da tsumma kafin a ɗora murfi, a bar ta ta turara a kan wuta kaɗan har kowace ƙwaya ta tsaya da kanta ba ta manne da 'yar'uwarta ba. A gefe an yanka karas siri-siri kamar tsinken ashana, an soya shi da ɗan sukari tare da busasshen inabi. Wajen zubawa, naman ake fara sawa a ƙasan tire, a binne shi da shinkafa, a barbaɗa karas da inabin a sama. Bakin ɗan Kaduna zai fara yin gardama da jin zaƙi a cikin shinkafa da nama, kuma zai nemi yaji, gama girkinsu ba shi da barkono sosai. Amma wanda ya saba da ɗiban ɗan sukari a kan waina ba shi da bakin yi musu dariya.

Akwai mantu. Ana murza ƙullin fulawa ya yi fele-fele, a yayyanka ƙanana, a ƙunsa niƙaƙƙen nama da albasa a kowane, a turara su kamar yadda muke turara alala. Idan sun nuna sai a jera a faranti, a kwarara musu kindirmo mai tafarnuwa, da miyar tumatir mai ɓarzajjen wake, a barbaɗa busasshiyar na'ana'a. Aiki ne mai cin lokaci, mata kan taru su yi shi ana hira, shi ya sa a gida sai ranar baƙi ko biki ake ganinsa, amma a gidan abinci kullum akwai. Ƙanwarsa ita ce ashak, wadda ake cusa wa wani ganye mai kama da lawashi a maimakon nama. Akwai bolani, burodi marar kauri da ake cusa wa dankalin Turawa ko kabewa a soya. Akwai shorwa, romon nama da ake gutsuttsura burodi a ciki. Akwai tsirensu, wanda suke jera tsokar rago da kitsen jelarta a tsinken ƙarfe, gishiri da ɗan ƙamshi kawai. A ƙarshe koren shayi, irin wanda Buzaye masu gadi ke dafawa a ƙofar gidajen Barnawa, kofi bayan kofi, babu mai korar ka.

Yanzu mai karatu ya sake duban wannan jeri. Burodin da ake mannawa a bangon tanderu, ai gurasa ke nan, wadda Larabawa 'yan kasuwa suka kawo Kano, matan cikin birni wajen Jakara suka riƙe sana'ar har yau. Kalmar tanderu ma da tasu kalmar tandur tushensu ɗaya. Tsire muna da shi, namu ma ya fi nasu ado da ƙuli-ƙuli. Kindirmo Fulani na kawo mana har ƙofar gida. Turara abinci mun iya, ga dambu ga alkubus. Kabewa, tafarnuwa, albasa, karas, duk suna kasuwar Sabo. Ba wani abin al'ajabi ke cikin tukunyarsu da ya fi ƙarfin tamu ba. Abin da suka yi shi ne sun ɗauki abincin da uwarsu ke dafawa, da sunansa na asali, suka rubuta a allo suka kafa a bakin titin baƙuwar ƙasa, suka kuma dafa shi iri ɗaya yau da gobe har baƙo ya koyi sunan.

Me ya hana namu fitowa?

Dalili na farko, kuma a ganina mafi girma, shi ne raini. Mun taso muna jin cewa shinkafa abincin Kirsimeti ce da na masu kuɗi, gwate kuwa na ƙauye ne, na marar lafiya, ko na ƙarshen wata sa'ad da albashi ya ƙare. Saurayi ba zai kai budurwarsa gidan abinci ya ce a kawo musu gwate ba, kada ta faɗa wa ƙawayenta. Yaran da aka haifa a Kamazou bayan 2000 da yawa ba su iya harshen iyayensu ba, sai Hausa da Turanci, kuma idan aka tuƙa tuwon dawa a gida sai su ce sun ƙoshi, su zagaya wurin mai shayi. Alhali kuwa a je wurin biki ko taron ƙabila a ga inda layi ya fi tsawo. Manya masu manyan motoci za ka gani sun bar soyayyar shinkafa a tebur suna tambaya ko gwaten ya ƙare. Duk ranar 1 ga Janairu mutane na tururuwa zuwa Kagoro bikin Afan, kuma cikin abin da ke kai su har da marmarin abincin gida. Ashe masu so suna nan, wurin saye ne babu.

Amma kada mu ɗora wa mata masu abinci laifin da ba nasu ba, gama suna da nasu lissafin, kuma lissafin gaskiya ne. A ɗauki acha. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kusan kamar yashi, kuma yashin ma yakan shiga cikinta wajen sussuka a ƙasa. Kafin ta zama tuwo sai an surfa, an sheƙe, an wanke an rairaye sau da yawa a ƙwarya, idan kuwa aka yi gaggawa, loma ɗaya mai tsakuwa ta isa ta kori mai saye har abada. Mudunta ya fi na masara tsada nesa ba kusa ba. Semo kuwa buɗe leda kawai za a yi a zuba a tafasasshen ruwa. Matar da ke girki ita kaɗai da 'yarta, tun asuba, ga ɗiban ruwa ga wanke-wanke, wanne za ta zaɓa?

Gwate kuma ba ya jiran mai saye. Idan ya huce ya daskare, ganyen ya sake launi, ba ya kwana. Shinkafar da ta rage za a iya juya ta gobe ta zama dafa-duka, amma gwaten da ya rage asara ce. Miyar karkashi ma tana son a kaɗa a ci nan take. Sa'an nan mai aikin ƙarfi yana son abin da zai zauna masa a ciki har yamma, yana ganin gwate ruwa ne.

Ga tsadar kaya a kan wannan duka. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota daga Kachia, Zonkwa da Kafanchan ya ninka, gas da gawayi suka hau. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari bisa ga lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A 2023 ɗin ne kuma cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia, Jaba da Kagarko, ta cinye jarin manoma da yawa, waɗanda kuɗin cittar ne suke noma sauran amfanin gona da shi. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi Chikun da Kajuru, gonaki da dama sun kwana ba a shuka ba. Yawancin masu sayar da abincin nan ba 'yan kasuwa masu jari ba ne. Akwai gwauraye, akwai matan waɗanda aikinsu ya tafi tun da masaƙun Kakuri suka rufe, KTL a 2002, UNTL a 2007. Daga cinikin yau ake sayen kayan miyar gobe, a biya kuɗin makaranta, a zuba adashi. Wadda ke cikin wannan hali ba ta da sararin gwada sabon abu ta ga ko zai karɓu.

Duk da haka, abin da muke rainawa wasu can sun gano darajarsa. Acha na cikin hatsin da suka fi daɗewa ana nomawa a Afirka ta Yamma, tana yi a ƙasa marar ƙarfi inda masara ba za ta yi ba sai da taki, wani irinta kuma yana nuna cikin wata biyu, shi ya sa kakanninmu suka riƙe ta domin tsallake yunwar damina. Ƙasar Gini ce kan gaba wajen nomanta a duniya, Nijeriya na cikin na gaba-gaba, daga Filato, Bauchi da kudancin Kaduna. Wani ɗan ƙasar Senegal mai sana'ar girki, Pierre Thiam, ya kafa kamfanin da ke sayar da ita cikin leda mai kyau a kantunan Amurka, ya kuma buɗe gidan abinci mai suna Teranga a unguwar Harlem ta birnin New York a 2019, inda aka riƙa cin acha da cokali mai yatsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, acha na ciki. A nan gida ma masu ciwon sukari da yawa na yawon nemanta. Zai zama abin takaici a ce jikan manomin acha na Manchok sai ya je New York kafin ya gan ta a allon gidan abinci.

Maganar da ba a cika son yi ba

Akwai wani abu kuma da ya kamata a faɗa a fili, tun da jaridar nan Musulmi da Kirista ke karanta ta. Gidan abincin Ba'afgane kowa na shiga ba tare da ɗar-ɗar ba. A Kaduna ta yau kuwa, direba ko magini Musulmi da aiki ya kawo shi Kamazou yakan yini da burodi da lemo, ko ya nemi mai shayi ɗan'uwansa, domin yana tsoron kada a ba shi naman alade ko na kare, ko wanda ba a yanka bisa ƙa'idarsa ba. Ba za mu ce tsoron ba shi da tushe ba. Ana cin alade a wannan ɓangare, kasuwar aladu ta Kafanchan ma sananniya ce a ƙasar nan, kuma akwai wuraren da ake sayar da shi tare da burkutu. Amma waɗannan wurare daban suke, kowa ya san su. Naman shanu da na awaki da ke cikin tukunyar mai tuwo ta bakin titi, daga teburin mahauci ta sayo shi, mahautan kuwa galibinsu Hausawa Musulmi ne, su suka yanka da hannunsu.

Abin lura shi ne cinikin bai taɓa yankewa gaba ɗaya ba, ko a shekarun da aka fi jin tsoron juna. Mai tsiren da ke hura wuta da magariba a bakin titi Bahaushe ne, masu sayensa kuwa mutanen unguwa. Mai kayan miya, mai rake, mai nono, haka. Wato kuɗi da nama suna haye kogin kullum, zama a ci tare ne ya yi wuya. Abincin gargajiyar da muke magana a kai yana da wata fa'ida a nan: gwate, wake da riɗi, tuwon acha da karkashi, dafaffiyar doya da manja, yawancinsu ba su dogara ga nama ba, daddawa da ganye da busasshen kifi sun wadatar. Bazazzagi ya san fate tun yana yaro, Bakano ya san karkashi. Mai abincin da ta ware tukwanenta, ta bar baƙo ya ga inda take sayen nama, za ta sami masu saye daga ƙetaren kogi da ba ta zata ba.

Butar nan ta Afganawa ma abin aro ce, kuma ba ta da tsada. Har yanzu akwai rumfunan da ake ajiye roba ɗaya ta ruwan wanke hannu, mutum biyar su tsoma a ciki kafin a sake, ruwan ya koma kalar miya. Tuwo da hannu ake ci, kuma kwalara da taifot ba su san ƙabila ba. Buta, sabulu da bokitin tarar ruwa sun fi allon suna mai fitila jawo mai hankali. Haka rufe abinci daga ƙudaje da ƙurar titi, da kuma sanin inda aka ɗebo ruwan girki, musamman da damina sa'ad da rijiyoyi ke cika da ruwan kwata.

Ba ina cewa mai abinci ta zubar da shinkafarta ba ne. Ta ware rana ɗaya a mako, a ce Asabar, ta rubuta a allo cewa yau akwai gwaten acha, ta dafa ƙaramar tukunya wadda ta tabbata za ta ƙare, ta kuma riƙe ranar kada ta saɓa ko da mutum biyar ne suka zo a makon farko. Wahalar gyaran acha kuwa ta fi ƙarfin mace ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Matan zumunta da ƙungiyoyin ƙabilu da ke taro duk wata sun saba dafa wa ɗaruruwan mutane a ranar biki ko jana'iza, sun san wadda hannunta ya fi daɗi a kowace miya. Za su iya sayo acha da riɗi da yawa lokacin kaka sa'ad da suke da araha, a gyara a shanya a ƙulla a leda, masu gidajen abinci su riƙa saya a gyare. A Jos an daɗe ana sayar da gyararriyar acha, kuma ana samun gwate na sayarwa a cikin gari ba tare da kowa ya ji kunya ba, ga shi tsakaninmu da Jos tafiyar 'yan sa'o'i ce.

Ko a nan Kamazou akwai abincin gargajiya guda da ya riga ya fito bakin titi ya zauna daram, wato waina, wadda a nan muka fi kira masa. Ita ma aikinta ba kaɗan ba ne: a jiƙa shinkafa tun jiya, a kai niƙa, a bar ƙullin ya kwana ya tashi, a tashi da asuba a hura wuta a ƙarƙashin tanda. Ita ma ba ta son ta huce. Amma ranar Lahadi da safe, da an taso daga sujada ta farko, je ka ga mutane da kayan adonsu sun kewaye mai masa, wasu da kula a hannu za su kai gida, ana ta gardamar wanda ya riga zuwa. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya ta kife tandarta, mai zuwa a makare sai dai ya jira wani mako.